Daga wane ɓangare ya gado?

Da wuya ranar ganin masu taɓin hankali ta wuce ba a yi mini wannan tambaya ba. Uwa za ta ja ni gefe, ta sassauta murya: "Likita, dangin babansa sun ce daga wajena ya kwaso. Haka ne?"

Kafin in amsa, bari mu fara da yadda cutar take. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya nuna haka a ƙarshen shekarun 1950, har ya samu lambar Nobel a 2000. Cikin aikin dofamin har da nuna wa mutum abin da ya kamata ya kula da shi. In ya yi yawa a wani sashe, sai tarin maƙwabci ya zama habaici, mai labarai a rediyo kuma da shi yake. Daga nan zargi ke farawa a cutar da ake kira sikizofiriniya.

Gado yana da hannu, ba na ɓoye wa kowa. Amma babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ga ta. Wani babban bincike na 2014 ya gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da cutar, har da na mashigar dofamin, wato wurin da yake kamawa a jikin jijiya ya isar da saƙo, kowanne da ɗan tasirinsa kaɗan, kuma ta uwa da ta uba duk ana samu. A cikin 'ya'ya goma na mai cutar, kusan tara ba sa kamuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassan ya kamu, kusan rabin lokaci Husaini lafiyarsa lau.

Me ya raba su, alhali gadonsu ɗaya? Wanda ya yi makarantar allo ya san baƙi daban, wasali daban: baƙaƙen suna nan yadda suke, wasali ya sauya karatu. Haka rayuwa ke ɗora wa ƙwayoyin gado alamomi, ta ƙara wa wata ƙarfi, ta rage wa wata. Yaran da aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, cutar ta kusan ninkawa a cikinsu. Wahalar haihuwa, ƙuncin ƙuruciya da shan wiwi tun ana saurayi duk suna ƙara haɗarin. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, don yaron da ke da mai cutar a gida bai kamata ya ko kusanci wiwi ba.

Magungunan da muke bayarwa, irin su haloperidol, mashigar dofamin ɗin suke tarewa. Shi ya sa wani hannunsa kan yi rawa, jiki ya sandare, miyau ya riƙa dalala. In kun ga haka kada ku jefar da magani, ku dawo da majiyyacin a gyara masa awo. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano duk suna duba irin wannan. Ku zo da katinsa da ragowar ƙwayoyin da yake sha.