Kafintocin Kano, a gyara teburin rauta tun kafin a kunna ta

Kwalliyar bakin gado, da ta ƙofar wadirob, da tsagin da ake zura gilashi a ƙofar kabad, duk a da da cizal ake fitar da su, a wuni ana abu ɗaya. Yanzu injin rauta, mai juya haƙorin ƙarfe yana sassaƙar katako, shi ke yi cikin 'yan mintuna. Wanda ya zaga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo zai ga shaguna da dama sun ƙara wata dabara: sun kife rautar hannu a ƙarƙashin tebur, haƙorinta ya leƙo ta sama, ana tura katako a kai. Dabarar ba ta da laifi, don tana ba da aiki mai tsabta kuma iri ɗaya. Sai dai akwai abin da take canjawa wanda ba kowa ke lura da shi ba. Idan rauta tana hannunka, hannuwanka biyu suna kan mariƙanta, nesa da haƙori. Da zarar ka kife ta a tebur, hannuwan nan ne ke tafiya wajen haƙorin duk lokacin da ka tura katako.

Mu da muke aikin lafiya, raunin rauta ba ya ɓoye mana. Zarto yankewa yake yi, wani lokacin har a samu abin ɗinkewa. Rauta kuwa niƙewa take yi. Injin kan yi juyi 24,000 a minti ɗaya, wato 400 a daƙiƙa ɗaya, kuma yawancin haƙora baki biyu gare su, sara 800 ke nan a daƙiƙa. Kafin mutum ya ji zafi ya fizge hannunsa, ɗaruruwan sara sun riga sun sauka. Shi ya sa idan maigidan shago ya ce min "Malam, ai ni hannuna ya saba," nakan ce masa sabo ba ya ƙara wa hannu saurin da zai tsere wa wannan lissafin. Nakan kuma ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma idan aka bi diddigin yawancin raunukan nan, za a tarar tun wajen haɗa teburin aka shirya su.

Mu fara da teburin kansa. Samansa ya zama shimfiɗaɗɗe sumul, babu tudu babu kwari. Falle biyu na MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, ko na filawud mai kaurin milimita 18, a haɗe su da gam, a liƙa fomeka a sama, sun wadatar. Falle ɗaya lanƙwasawa yake yi saboda nauyin injin, kuma da tsakiya ta lotsa katako zai riƙa rawa a kan haƙori. Tsayin ya kai wajen ƙugu, santimita 85 zuwa 90 ga mai matsakaicin tsayi, ƙafafun kuma su zauna daram. Teburin da aka tokare da guntun bulo ba wurin ɗora rauta ba ne. A ɗaure injin da kusoshi masu zare ta ramukan da ke gindinsa, ba da waya ko igiyar roba ba. Ramin da haƙori ke leƙowa ya ɗan fi haƙorin faɗi kaɗan kawai, domin rami mai faɗi yana haɗiye bakin katako, yatsa ya bi shi.

Sai shinge, katakon nan miƙaƙƙe da aiki ke jingina da shi. A ɗaure shi da kilam, wato ƙarfen matsewa, ta gefe biyu, a gwada girgiza shi da hannu kafin a fara. Haƙorin ya shige cikin tsagin shingen, iya abin da zai ci katako kawai ya fito waje. A saman haƙori a kafa marufi na roba mai ƙwari wadda ake gani ta cikinta, in babu ita ko na katako ne, ya sauko dab da aikin yadda yatsa ba zai samu hanyar shiga ba. Mutane kan cire shi su ce yana tare musu gani. Mai aikin teburin rauta ba ya bukatar ganin haƙori, abin da zai sa wa ido shi ne katako ya manne da shinge.

Maganar makunni ita ce ta fi damuna a garin nan. Rautar da ke ƙarƙashin tebur makunninta yana can ciki, don haka da yawa sukan danne shi da salatif su bar shi a kunne, su riƙa kunnawa da kashewa daga soket. Sai a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Injin ya yi shiru, kowa ya saki jiki, yaro ya sa hannu yana share garin katako, ko Oga ya ɗauko sifana zai canja haƙori. A kawo wuta, ko wani ya tayar da janareta a bayan shago bai faɗa wa kowa ba. Maganin wannan yana da sauƙi: makunni mai maɓalli kore da ja, irin wanda yake sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya sake tashi sai an danna koren da hannu. Duk mai gyaran wutar da ya san aikinsa zai haɗa shi da kontakta, na'urar da ke haɗa wuta tana yanke ta, kayan kuma ba su da wuyar samu a kasuwa. A kafa shi a gaban tebur inda gwiwa ko tafin hannu zai same shi ba tare da an sunkuya ba. Ko da an sa shi, dokar ba ta canja ba: ba a taɓa haƙori sai an zare fulogi, an ajiye shi a kan tebur inda ido ke ganinsa. Tsirarar waya biyu da ake cusa wa soket a tokare da tsinken ashana kuwa, a wurin da garin katako ya cika, gobara ake gayyata.

Wajen ɗaura haƙori akwai wani kuskure da ido ba ya kamawa. Gindin haƙora awo biyu ne a kasuwa. Akwai na milimita, 6 da 8 da 12, akwai na inci, kwata da rabi. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. Haƙori mai milimita 12 zai shiga bakin inji mai rabin inci, har ka ɗaure ka ji kamar ya kama, alhali bai kama ba. Yana ɗaukar zafi sai ya fara zamewa, ko ya ɓata zurfin aikin, ko ya fice gaba ɗaya. Mai sayen haƙori ya san awon bakin injinsa kafin ya bar shago. Idan an zo ɗaurawa, a goge gindin da bakin injin, a tura haƙorin har ƙasa, sannan a ɗago shi milimita 2 ko 3 kafin a matse. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na gindin ya kasance a ciki. Kar a jawo shi waje don neman ƙarin tsawo. Haƙorin da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko aka kai wa mai walda ya liƙa, a jefar da shi. Wanda ya dakushe ma haɗari ne, don yana sa mutum ya riƙa turawa da ƙarfi, kuma mai turawa da ƙarfi shi ne hannunsa ke zamewa.

Gudun injin ma ya danganta da faɗin haƙori. Mai faɗin milimita 25 zai ɗauki juyi 24,000. Mai 50 a sauko wajen 18,000. Manyan nan na fitar da fuskar ƙofa, masu 75 zuwa 90, kar su wuce wajen 12,000, kuma in kamfani ya rubuta iyaka a jikin haƙorin ko kwalinsa, ita za a bi. Rautar da ba ta da wurin rage gudu ba a ɗaura mata babban haƙori.

Yanzu turawa. Idan kana tsaye a gaban tebur kana fuskantar shinge, katako daga dama yake tafiya zuwa hagu, kullum. Dalili shi ne haƙorin rautar da aka kife yana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka in ka turo daga dama yana tunkarar katakon, yana kuma danna shi jikin shinge. In ka turo daga hagu sai ya kama katakon ya fizge shi, hannun da ke dannawa ya faɗa inda katakon ya bari. Haka ma ba a bi da katako ta tsakanin haƙori da shinge, ko da daga dama aka turo, domin a wannan ɓangaren haƙorin tafiya yake yi tare da katakon, kuma katakon ba shi da wurin kaucewa. Harba shi zai yi. Saboda haka kar a bar kowa ya tsaya a saitin bakin teburin, dama ko hagu, balle mai tallan shayi ko almajirin da ya zo kwasar garin katako.

Kar a ci zurfi a tashi ɗaya. A riƙa cin kamar milimita 3, a maimaita sau biyu ko uku, musamman a katako mai tauri irin maɗaci. A fara gwadawa a kan guntun da ba a so. A duba ƙusa da ƙulli da tsaga, musamman a tsohon katakon rufi da ake sake amfani da shi.

Hannu kuwa kar ya matso haƙori ƙasa da taƙi guda, wajen santimita 15. Abin da ya fi wannan kusa, katako ne zai taɓa katako: a yanka sandar turawa mai ƙugiya a baya, da faffaɗan katako mai mariƙi wanda aka liƙa wa roba a ƙasa. A ƙara da katakon matsewa mai tsage-tsage kamar matajin kai, a ɗaure shi da kilam ya riƙa danna aikin jikin shinge, shi ne kuma zai hana katako dawowa baya. Duk daga ragowar yanka ake yin su, ba sa cin ko sisi. In siririn aiki ake so, a fitar da kwalliyar a bakin faffaɗan katako tukuna, sannan a tsage sirin a zarto. Ba a sa safar hannu a wannan aikin, don haƙori na kama zarenta ya ja hannun. A naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo, a sa carbi a aljihu. Tabarau na kariya kuma dole ne.

Akwai illar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a ɗauke ta a bakin komai. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko da ta obece sanannu ne wajen tayar da asma, ta iroko har da ƙaiƙayin fata. MDF ya fi su fitar da gari mai laushi, ga sinadarin gam a cikinsa. Kafintan da ke tari da atishawa duk ranar aiki, ya ji sauƙi ranar hutu, ya daina ɗora laifin a kan hunturu, ya je a duba ƙirjinsa. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan garin, sai mai lamba N95 ko FFP2 da ya zauna a fuska sosai. In da hali a huda bayan shinge a haɗa tiyon injin zuƙar ƙura, in babu a ajiye teburin inda iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa kafin shara. Kunne ma haka. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara tana lalata ji idan aka wuni a cikinta, rauta kuma tana wuce haka nesa. In sai ka ɗaga murya wanda ke kusa da kai zai ji ka, ƙarar ta yi yawa, a toshe kunne. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Iyayen gida, yaran shago amana ne a hannunku. Sabon yaro ya fara da kallo, sannan ya tura kuna tsaye a kansa. Lokacin da ya fi haɗari kun san shi: gab da Sallah, ko ana jibi za a kai kayan amarya, an kwana ana aiki, wani ya sha ƙwaya don kar ya ji gajiya. Mai jin barci da wanda ya sha wani abu, a ba su samfefa su goge katako, kar su je kusa da teburin. Wayar hannu ma a ajiye ta sai an kashe injin, haƙori ya tsaya cik.

In kuma abin ya faru, a kashe injin, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle ko bandeji, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a ci gaba da dannawa ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba. Kar a zuba baƙin mai, ko man birki, ko fetur, ko garin katako, ko toka. Ba sa tsayar da jini, ƙazanta kawai suke ƙarawa, sai an sha wuya wajen wankewa a asibiti. Kar a ɗaure yatsa da roba. In wani ɓangare ya cire, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kar naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce Asibitin Ƙashi na Dala, ko ɓangaren gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ba kemis ba, kuma kar a ba shi abinci a hanya don wataƙila a shiga da shi tiyata. Ko ƙaramin yanka ne, a faɗa wa ma'aikacin lafiya yaushe rabon mutum da allurar tetanus, mai hana ciwon sarƙewar haƙora. Bandeji da ledoji masu tsabta su kasance a rataye kusa da teburin, kowane yaro a shagon ya san inda suke.