Milimol ƙidaya ce, ba awon nauyi ba

Tun da na'urar gwajin sukarin jini ta yawaita a hannun mutane, kalmar "milimol" ta shiga bakin kowa. Sai ka ji mai gabatar da shirin lafiya ya ce sukarin wane ya kai milimol bakwai, sannan ya ƙara da cewa wai milimol ƙanin miligiram ne, ɗan ƙaramin awo na nauyi. Wannan bayani yana ci mini rai, domin ya kauce tun daga tushe.

Mol ƙidaya ce, kamar dozin. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin bulo duk goma sha biyu ne, amma ba wanda zai ce nauyinsu ɗaya. Shi kuwa mol ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne na sinadari, wato shida da lamba ashirin da uku a bayanta. Milimol kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na wannan. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Wilhelm Ostwald, shi ya gutsuro kalmar daga "Molekül", wato ƙwayar sinadari a Jamusanci, a shekarun 1890, sai a 2019 aka tsayar da adadin daram a ma'aunin duniya.

To ta yaya ake komawa daga ƙidaya zuwa giram? Nan ne nauyin mol, wato giram nawa ne mol ɗaya na sinadari, ya shigo, kuma a ganina shi ne lissafi mafi amfani da ake koyar da ɗalibi a darasin sinadarai, sai dai ba a gaya masa inda zai sake haɗuwa da shi. Ɗauki sukarin da ke cikin jini, gulukos, C₆H₁₂O₆. Kabon shida, kowane nauyinsa 12, ya ba da 72. Haidurojin goma sha biyu, kowane 1, ya ba da 12. Oksijin shida, kowane 16, ya ba da 96. A tara su: 180. Mol ɗaya na gulukos giram 180 ne ke nan.

Daga wannan 180 ɗin aka samo 18 ɗin da ma'aikatan lafiya ke ninkawa da shi don mayar da milimol zuwa miligiram. Milimol ɗaya a lita miligiram 180 ne, a desilita kuwa, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, 18 ne. Shi ya sa na'ura mai awo da milimol a lita ta nuna 7, mai awo da miligiram a desilita ta nuna 126, alhali jini ɗaya ne, sakamako ɗaya ne, kuma shi ne iyakar da ake fara maganar ciwon sukari idan an yi gwajin kafin a ci komai. Wanda bai san haka ba yana iya ganin 7 ya saki jiki, ko ya ga 126 hankalinsa ya tashi fiye da kima.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar 18 su liƙa wa kowane gwaji. Na gulukos ne kaɗai. Kitsen jini, kolestarol, mol ɗinsa ya kai kusan giram 387, don haka da 38.7 ake ninka nasa. Wanda ya ninka da 18 zai samu ƙasa da rabin ainihin abin da ke jikinsa.