Barbarar ƙudan Bombus na Turai da na Japan

Bombus wani irin ƙudan zuma ne ƙato mai gashi buzu-buzu, a ƙasashe masu sanyi ya fi yawa, kuma ba don zuma ake kiwonsa ba, don tumatir ne. Furen tumatir sai an girgiza shi sannan ƙurarsa ke zubowa, to shi wannan ƙudan in ya sauka kan fure sai ya kama shi ya dinga karkarwa da jikinsa, ƙurar ta zube, fure ya ɗauki 'ya'ya. A Beljiyam aka fara kiwonsa don sayarwa a 1987, ana zuba gida guda cikin kwali a kai wa manomi.

Japan ta fara shigo da na Turai, wato Bombus terrestris, wajen 1991, don masu noman tumatir a rumfunan leda. Da ma kafin nan sai mutum ya bi fure ɗaya bayan ɗaya yana fesa maganin da ke sa shi ɗaukar 'ya'ya, aikin wahala sosai, shi ya sa manoma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma rumfa ai ba kurkuku ba ce. Wasu suka sulale, a 1996 aka ga gidansu a daji a tsibirin Hokkaido.

Matsalar barbarar ita ce mazan baƙon suna hawa sarauniyoyin 'yan ƙasa, musamman Bombus hypocrita. Da masana suka kamo sarauniyoyi a daji suka duba 'yar jakar da suke ajiye maniyyi a ciki, a Hokkaido kusan kashi 30 cikin 100 na ƙudan Turai suke ɗauke da shi. Mutum zai zaci sai a samu wasu ƙudan ruwa biyu suna yawo, to ba haka abin yake ba, ƙwan da ya haɗu da maniyyin baƙo ba ya ƙyanƙyashewa, lalacewa yake yi. Kuma sarauniyar Bombus yawanci sau ɗaya tak ake barbararta a rayuwa. A wajensu ƙwan da maniyyi ya taɓa shi ke zama mace, wato ma'aikaciya ko sabuwar sarauniya, wanda bai taɓa ba ya zama namiji. Kenan wadda ta gamu da baƙo ta yi asara gaba ɗaya, za ta kwanta a rami duk lokacin sanyi, ta fito ta nemi wurin gida ta yi ƙwai, ba ma'aikaciya ko ɗaya da za ta fito mata ta ɗebo abinci.

Ga kuma rigimar ramukan ɓeraye da duka biyun ke son yin gida a ciki.

A 2006 gwamnatin Japan ta sa Bombus terrestris cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna, yanzu sai da izini ake ajiye shi kuma dole a rufe rumfar da raga. Ana ƙarfafa wa manoma gwiwa su koma wa Bombus ignitus, ɗan ƙasa, sai dai shi ma a Hokkaido baƙo ne.