Waiwaye: Yadda sharar Maradi ta daina zama kuɗi

Tun bayan ambaliyar daminar 2024, wadda jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, zance biyu suka haɗe a bakin jama'a: ledar da ke toshe magudanan ruwa, da samarin da ke wuni a fada, wato majalisar hira, babu aikin yi. Daga nan ne kiran a tallafa wa ƙananan sana'o'in sake sarrafa shara da na kare muhalli ya ƙara ƙarfi. Wasu na ganin matasan da suka gama karatu, masu tsari a rubuce, su ya kamata a ba jari. Wasu kuma na cewa 'yan bola jari da maƙera sun riga kowa shiga aikin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar kamar jiya aka fara ta.

Garin da gyaɗa ta gina bai san zubar da abu ba. A matse mai, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, harawa ta tafi wurin dabbobi, ɓawo ya shiga murhu ko gona. Fatar jar akuyar Maradi ta riƙe majema da dukawa. Tsohuwar taya ta koma takalmi da guga, tsohuwar ganga ta koma murhu. Farin 1973 da na 1984 suka karya gyaɗa, suka bar gonaki tsirara. Abin da ya biyo baya sananne ne: daga 1983 aka fara sassaben zamani a ƙauyukan Maradi, manomi ya daina tumɓuke kututture, ya riƙa gyara tohonsa, har itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 1991 kuma aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a wannan jiha, tsarin asusun da daga baya ya bazu a ƙasashe da dama.

Akwai wani sauyi da ba shi da ranar tunawa, ba a kuma cika ambatarsa ba, alhali a ganina shi ne tushen abin da muke kuka da shi yau.

A da, jujin gida dukiya ne. Toka ce a cikinsa, da kashin awaki da tumaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa. Gonakin jigawa da ke kewaye da gari yashi ne, ba sa ba da gero sai da taki. Saboda haka da rani ya yi nisa za ka ga jakuna da mangala, daga baya amalanke, suna fita da shara zuwa gonaki da lambunan fadamar Gulbi. Maigida mai gona shi ke kwashe jujinsa, wanda ba shi da gona kuma ba ya rasa mai so. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aikin tsabtace gari, amma shi ke tsabtace garin. Gero ya shigo daga gona, ragowarsa ta koma gona.

Sai leda ta shigo, a hankali, ta cika kasuwa a shekarun 1990, ruwan leda ya biyo bayanta. Kafin nan da kwando da ƙwarya ake zuwa cefane, tsire da ƙosai a takarda ake naɗe su. Ba a ga laifin leda ba, gaskiya ma ta sauƙaƙa wa mata da 'yan talla aiki, ga shi kyauta mai kaya ke ba da ita. Kyautar nan ce ta ɓoye kuɗinta. Ba mai saye ke biya ba, juji ke biya.

Da leda ta gauraya da toka da kashin dabbobi, takin gari ya lalace. Manomi ya zuba amalanke guda a gona, iska ta kwashi leda ta rataya a ƙaya, wadda ta nutse a ƙasa kuma ta tare ruwa da saiwa, ta yi shekaru ba ta ruɓe ba. Akuya ta ci, ta rame ba ciwo a bayyane, sai mahauci ya buɗe tumbi ya tarar da ƙulli. Ba a daina kai shara gona ba, har yau ana kaiwa, amma sai an tsince ta, tsincewa kuwa aiki ne mai cin lokaci da babu mai biyan ladansa. A nan ciniki ya juya. Abin da a da ake zuwa nema a ƙofar gida, yanzu maigida ke biya a raba shi da shi. Wanda ba shi da abin biya sai ya jira dare, ko ya jira ruwan sama, ya tura a kwata. Tare da wannan juyi sana'o'i suka yi ta ja da baya ba tare da an yi musu kuka ba: masu saƙar kwando da faifai, masu gyartai, maginan tulu, da mai jakin da takin gari ke ciyar da gidansa.

Mai shakka ya dubi ƙarfe. Ba za ka ga tsohon ƙarfe ko gwangwanin alminiyam ya kwana a titi ba, domin akwai sikeli da ke jiransa, akwai maƙerin da zai narka shi ya zuba tukunya, akwai motar da za ta kai shi Kano. Fasasshen bokiti da tsohon takalmin roba su ma suna da farashi. Mutanen da ke kwashe waɗannan su ne dai ke tsallake baƙar leda, saboda buhu guda ba ya nauyin a zo a gani, ga datti, ga rashin mai saye. Halin mutane bai canza tsakanin ƙarfe da leda ba, farashi ne ya bambanta.

Dokar Nuwamba 2014 ta haramta ƙera leda marar kauri da shigo da ita da sayar da ita. Amma lokacin da ta zo, yaran da aka haifa cikin leda sun girma, masu saƙar da za su cike gurbi kuma sun ragu. Rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019 da kuma a 2023 ya nuna wani raunin: mai tara kaya yana aikawa ƙetare ɗanye, ranar da hanyar Ɗan Isa mai zuwa Najeriya ta tsaya, jarinsa ya tsaya.

Gawo da kalgo sun dawo gona ne lokacin da manomi ya tabbata icen nasa ne, zai sassabe reshe ya sayar. Mai tsince shara bai samu irin wannan tabbaci ba tukuna. Asusun mata na iya saya masa rariya da shebur da amalanke, amma ba ya iya sayen injin niƙa roba, ba ya iya ba shi filin da zai tace taki ba tare da fargabar tashi ba. Banki kuma jingina yake tambaya. Masu narka leda da yashi su yi tubalin shimfiɗa hanya sun iya aikinsu, sai dai tubalin na jibge har sai an samu mai gini da zai yi oda mai yawa. Haka mai tataccen taki a buhu: masu lambun zogale na Jiratawa da Tibiri suna buƙatarsa, amma kuɗinsu sai bayan sun yanki ganye, shi kuwa yaran da ke masa tsinta kullum da yamma yake sallamarsu.