Nonon Bai Ƙafe da Kansa Ba

A aikinmu na kula da lafiyar mata da yara, akwai maganar da kullum take sosa mini rai: "Tunda na koma aiki nonona ya ƙafe." Idan na zauna da uwar muka bi diddigi, sai in tarar tun safe take fita, har yamma ba ta samun inda za ta tatsa. Shi kuwa nono, gwargwadon yadda ake fitar da shi yake zuwa. In aka bar shi ya taru, mama ya kumbura ya yi tauri, wani lokaci har da zazzaɓi, daga nan ruwan ya fara ja baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar nonon uwa zalla na wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14. To, mako 14 bai kai wata 6 ba, ke nan uwa za ta dawo bakin aiki jaririnta bai san komai ba sai nono. Shi ya sa yarjejeniyar ta ce a ba ta lokacin shayarwa a cikin awannin aiki, ba tare da an taɓa albashinta ba.

Masu kamfanoni da shaguna, abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: ɗan ɗaki mai tsabta da ƙofar da ke rufuwa, kujera, wurin wanke hannu, da kamar minti 20 bayan kowace awa 3. In da firij a bar mata gefe, domin nonon da aka tatsa yana kai kwana 4 a ciki, a waje kuwa kimanin awa 4 ne. Amma don Allah ban da banɗaki. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya zaune kan murfin masai, kwalba a hannu, ana ta buga mata ƙofa. Abincin jariri fa take tarawa a wurin.

Haka ma wadda ta shigo sayayya ɗanta yana tsala kuka. Ku gaya wa yaran shagonku su miƙa mata kujera, su kawar da kai, kada wani ya ce mata ta fita waje. In ta nemi wurin da ba idon jama'a, a nuna mata. In ta zauna a inda take, a ƙyale ta ta gama.