Makarantun Likitanci da Al'ummomin da Likita Ke Yi wa Nisa

Me ya haɗa makarantar likitanci da yankin da ba shi da ko asibiti?

Likitoci sukan taru a manyan birane, inda asibitocin koyarwa suke. Ɗalibin da bai taɓa ganin majinyaci ba sai a gadon asibiti yana iya sanin cuta ciki da bai, amma bai san rijiyar da mutane ke sha ba, balle nisan da mai naƙuda ke yi kafin ta kai ga ungozoma. Shi ya sa a 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa makarantun nan nauyin karkata koyarwa da bincike da hidimarsu ga cututtukan da suka fi addabar jama'arsu.

A aikace fa, yaya ake yi?

A tsibirin Leyte na ƙasar Filifin, Jami'ar Filifin ta buɗe wata makaranta a 1976, inda mutanen gari ke zaɓen wanda za a ɗauka. Ɗalibi yakan fara da karatun ungozoma, ya koma gida ya yi aiki. Sai jama'a sun sake lamunce masa zai hau matakin jinya, daga nan likitanci. Wannan tsarin ya fi burge ni, domin an ba masu ciwon bakin magana.

Makarantar likitanci ta arewacin Ontario a Kanada kuwa, wadda ta fara karatu a 2005, tana tura 'yan aji uku su zauna wata takwas a ƙananan garuruwa. A wata takwas ɗalibi zai ga mai ciwon suga ya zo, ya koma, ya sake dawowa, har ya gane dalilin da ya sa yake tsallake shan magani.

Ba koyon aiki ake yi a jikin talakawa ba?

Fargabar tana da tushe. Dole a sami ƙwararren likita da ke duba aikin ɗalibi, kuma majinyaci ya san wanda ke duba shi ɗalibi ne. Gangamin kwana ɗaya, a auna hawan jini a ɗauki hoto a watse ba tare da an haɗa mutum da inda zai ci gaba da karɓar magani ba, wannan bai kai a kira shi haɗin gwiwa ba.

In sun gama, suna zama a can?

Waɗanda suka tashi a karkara sun fi zama, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 a riƙa ware musu gurabe a makarantun likitanci. Sai dai likitan da ba shi da kayan aiki, ko muhalli, ko makarantar da zai sa 'ya'yansa, ko ɗan garin ne, wata rana zai tattara ya tafi.