Haihuwar akuya: inda ake haƙuri da inda ake gaggawa

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da hunturu ya shigo wayata ba ta huta ba, kuma kiran kusan iri ɗaya ne: "Malam, akuyata ta haifi biyu da daddare, gari na wayewa na tarar ɗaya ya mutu." In na tambaya ko an ga lokacin da ya kama nono, sai a yi jim, can a ce ai an ga uwar tana lasarsa, an ɗauka ya sha. Wannan ne ya sa na zauna rubuta bayanin nan, musamman domin iyayenmu mata, tunda a yawancin gidajenmu awakin nasu ne. Akuya ce asusun mace. Da ita ake sayen magani, da ita ake tara kayan ɗakin yarinya. Ɗan akuya ɗaya da ya mutu a daren haihuwarsa, kuɗin wata biyar ne na dusa da harawa suka bi ruwa.

Abin da na lura da shi a yawon da nake yi gida-gida, mun juya lamarin. Lokacin naƙuda da ake son haƙuri, a nan muke gaggawa: a ja, a danna ciki, a aika yaro ya nemo allura. Da ɗan ya faɗo kuwa, lokacin da aikin namu ya fara, sai a ce alhamdulillahi, a ja ƙofa a koma barci.

Cikin akuya wata biyar ne, wato kwana 150, yakan ragu ko ya ƙaru da kamar kwana biyar. Ranar da kika ga bunsuru ya barbare ta, ki sa a rubuta, ko da gawayi ne a jikin bango. Mako shidan ƙarshe su ne masu nauyi, don a cikinsu ne ɗan yake yin mafi yawan girmansa. Jar akuyarmu, wadda ake ce wa ta Sakkwato a Najeriya, ta Maraɗi a Nijar, gwanar tagwaye ce. 'Ya'ya biyu in suka cika ciki, tumbin ba ya samun wurin ɗaukar abinci da yawa, saboda haka ɗan abin da za ta ci ya zama mai amfani: harawar wake ko ta gyaɗa, kowar wake, 'ya'yan gawo, dusa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko gurya. A fara da cikin tafin hannu a riƙa ƙarawa a hankali. Tsaba mai yawa a tashi ɗaya kumbura ciki take yi. Ruwa da gishirin lasa kada su yanke, kuma a tsince leda daga tsakar gida, don akuya mai yunwa ba ta barin leda. In ta daina cin abinci a makonnin nan, tana yawan kwanciya, tana cizon haƙora, kada a ce nauyin ciki ne kawai. A kira malamin dabbobi a ranar.

Da haihuwa ta matso, a share mata wuri busasshe wanda iska ba ta bugawa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A kwance ta daga turke. Na taɓa shiga wani gida na tarar akuya ta haihu a ɗaure, ɗan ya gangara inda igiyar ba ta kai, ta kwana tana kuka tana miƙa wuya, shi kuma ya sandare da majina a hanci. A ajiye aidin, sabuwar reza, sabulu, tsumma mai tsabta, safar hannu, da tocila mai batir.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Hantsa takan cika ta yi tauri har tana sheƙi. Jijiyoyi biyun da ke gefen gindin wutsiya su saki, wurin ya loma. Gabanta ya kumbura, yauƙi ya fara zuba. Za ta ware daga 'yan'uwanta, ta kwanta ta tashi, tana tonon ƙasa, tana waiwayen cikinta da ƙaramin kuka. Wannan hali yakan kai awa goma sha biyu, musamman ga mai haihuwar fari, kuma ba ya buƙatar komai daga gare ki sai ido. A kori yara, a rage hayaniya.

Idan faya ta fashe ta fara yunƙuri sosai, a nan za ki duba agogo. Yawanci cikin rabin awa ɗan yake fitowa. Za ki fara ganin kofato biyu na gaba, tafinsu yana kallon ƙasa, hanci yana kwance a kansu. Wannan ita ce zuwa mai kyau, ki bar ta da aikinta. Na biyu yakan biyo baya cikin minti goma sha biyar zuwa talatin. Amma in rabin awa ya wuce tana yunƙuri ba abin da ya ƙaru, ko kai ya fito babu ƙafa, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko wutsiya ce ta leƙo, to an kai wurin taimako. Wanda ya fi ƙaramin hannu ya yanke farce, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya wanke gaban akuyar, ya shafa man girki mai tsabta, ya shiga a hankali ya laluba. Kafin a ja komai a bi ƙafa da yatsa har kafaɗa, a tabbata ƙafafun biyu na ɗa ɗaya ne, don a tagwaye akan kama ƙafar wannan da ta wancan. Ana ja ne lokacin da take yunƙuri, a karkata zuwa ƙasa wajen ƙafafunta, in ta tsaya a tsaya. In tafin kofaton yana kallon sama, ƙafafun baya ne. Zai iya fitowa haka, sai dai da ƙugunsa ya fito kada a yi jinkiri, don cibiya ta matse, zai nemi numfashi kansa yana ciki. In an yi minti goma ana lalube ba a gane kan abin ba, a cire hannu a kira mu, malaman dabbobi.

Allurar naƙuda da ake saye a kasuwa kuwa, don Allah a bar ta. Wata dattijuwa ta aiko a kira ni da asuba, na je na tarar an riga an yi wa akuyar har sau biyu. Na ce, "Inna, wa ya duba kwanciyar ɗan kafin a yi allurar?" Ta ce, "Ɗan nan, mai maganin ya ce tana saukar da ita." Kan ɗan ya lanƙwashe baya ne, hanyar a toshe take, allurar ta yi ta matsa mahaifa har ta yage. Uwa da 'ya'ya biyu, ba wanda ya tashi. Allurar tana da amfaninta a hannun wanda ya duba ya ga hanya a buɗe take.

To, ɗa ya faɗo. Daga nan ne ake sauri. A share masa majina daga hanci da baki. In bai yi numfashi ba, a goge ƙirjinsa da tsumma da ɗan ƙarfi, a soka masa siririn tsinken ciyawa a hanci ya yi atishawa. A ajiye shi gaban uwar ta lashe shi, don da lasar nan take gane ɗanta, kuma tana busar da shi. Cibiya in ta yi tsawo a rage ta da sabuwar reza, a bar kamar tsawon ɗan yatsa, a tsoma ta cikin aidin har gindinta. A zuba aidin ɗin a murfin kwalba a kifa a kan cibiyar tasa. Toka, ƙasa, kashin shanu, man goge baki, duk na ga an sa, kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Ɗan akuyar da gwiwoyinsa suka kumbura bayan mako biyu yana ɗingishi, ko wanda ya sandare da sarƙe-haƙora, sau da yawa daga cibiyar abin ya faro.

Sai dakashi, wanda shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, don ba ta ratsa mahaifa ta same shi. Cikin wannan nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, uwar take ba shi ita. Hanjinsa kuma a awannin farko ne kawai yake iya tsotse garkuwar, ƙofar tana ƙara tsukewa awa bayan awa, bayan kwana ɗaya ta rufe. Don haka dakashin da ya sha a awar farko ya fi wanda zai sha gobe amfani nesa ba kusa ba. Masu tatse shi su zubar wai datti ne, maganin suke zubarwa. Ki fara matsa kowane kan nono, don yakan toshe da ɗan dasƙararren abu, ɗan ya yi ta tsotso a banza. Ki kai bakinsa, ki tsaya har ki ga yana haɗiya, wutsiya tana kaɗawa, ki taɓa cikinsa ki ji ya ɗan tasa. Ɗan jar akuya yakan zo da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, abin da yake buƙata a yinin farko kamar kashi ɗaya cikin goma ne na nauyinsa. Bai kai rabin ledar fiya wata ba, amma a rarrabe, sau huɗu ko biyar. A tagwaye, mai ƙarfin yakan danne ƙaramin, sai ki riƙe babban ƙaramin ya fara sha. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, yana tsaye ko a kan ƙirjinsa. Kada a kwantar da shi rigingine a ɗura masa, huhu zai tafi.

Sanyi da yunwa tare suke kisa. Jiƙaƙƙen ɗa a daren Disamba ko Janairu ba ya daɗewa. Ki sa yatsa a bakinsa: in da ɗumi, lafiya, in da sanyi, yana hanyar tafiya. A goge shi ya bushe, a naɗe shi da zane, a jingina masa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, ko a zauna da shi nesa kaɗan da garwashi. Sai ya iya ɗaga kai yana haɗiya sannan a ba shi nono.

Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan awanni. In ta wuce awa goma sha biyu a kira mu, kada a ja, kada a ɗaura mata dutse. Da ta faɗo a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. A nan ina roƙon iyayenmu da babbar murya: mace mai ciki kada ta karɓi haihuwar akuya, kada ta taɓa mabiyiya ko shimfiɗar, balle ɗan da aka yi ɓarinsa. Cututtukan da ke sa akuya ɓari, irin su bakkale, suna kama mutum, wasunsu ma suna zubar da cikin mace. Wanda ya yi aikin ya sa safar hannu ko leda, ya wanke da sabulu. Nonon da za a sha a gida kuma a tafasa shi.

Uwar a ba ta ruwa mai ɗan ɗumi da dusa da harawa mai kyau, a yi mata maganin tsutsar ciki, don bayan haihuwa tsutsa takan yi mata yawa. Jini-jinin da ke fita na mako biyu zuwa uku ba komai ba ne muddin ba ya wari kuma tana cin abinci. Hantsa in ta yi zafi ta yi tauri, tana harbin ɗan in ya matso, ciwon nono ne, yana son magani da wuri. Mai haihuwar fari da ta ƙi ɗanta, a killace su su biyu a ƙaramin wuri, a riƙa riƙe ta yana sha, yawanci cikin kwana biyu ko uku take saukowa. Maraya kuwa, in akwai wata akuyar da ta haihu a ranar ko a maƙwabta, a roƙo masa dakashinta, daga baya a ci gaba da nonon akuya, in babu a ba shi na saniya da aka tafasa ya huce. Koko da kunu ba abincin jaririn akuya ba ne.

Kwana uku zuwa huɗu na farko su zauna tare da uwar, kada a sake ta yawo da su cikin garke. Daga mako biyu za su fara tsinkar ganye, a sa musu harawa mai laushi da ruwa a ƙaramin mazubi da ba za su faɗa ciki ba. A riƙa kwashe kashi kullum, don zawon da ke kama su daga mako uku zuwa sama daga jiƙaƙƙen turke yake fitowa, da damina ma abin ya fi muni. Yaye sai wajen wata uku.

Da sun kai wata uku zuwa huɗu, sai rigakafin PPR, cutar nan mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda takan share garke cikin 'yan kwanaki. Ana haɗa allurar a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, kuma guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, in an buɗe ta an dama kuma ba ta kwana. Saboda haka ku yi magana da mai unguwa, maƙwabta su haɗa awakinsu, a tsayar da rana ɗaya da sassafe, sai a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.